Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ashe matatar mai ma sai ta sha mai

Makon jiya na raka Kawu ta'aziyya Kujama, a hanyar dawowa muna ta sauri kada magariba ta riske mu a titin nan na Kachia, kun dai san halin da ake ciki ba sai na faɗa ba, sai muka zo daidai Rifainari, matatar man Kaduna, na ga ya yi shiru ya juya kai yana kallon dogon bututun nan da a da wuta ke ci a samansa dare da rana. Duk wanda ya tashi a Kaduna a shekarun baya ya san wutar nan, in ka bi ta wajen da daddare sai ka ga sama ta yi jawur kamar an sa wa daji wuta, muna yara har musu muke wai tun da aka kunna ta ba ta taɓa mutuwa ba. Yanzu kam ƙarfe ne kawai a tsaye.

Ni da neman magana sai na ce toh Kawu ai ko ba komai an huta da hayaƙi, iskar gari ta samu lafiya. Bai tanka min ba sai da muka shigo Sabon Tasha cikin go-sulo, sannan ya ce "Kai ɗan nan, man da ke cikin motar nan taka daga sama ya faɗo? A wani wuri aka dafa shi. Hayaƙin bai mutu ba, ƙaura ya yi."

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, har washegari bayan la'asar na rufe shago na koma gidansa, aka shimfiɗa tabarma aka ɗora shayi, na ce yau sai ya faɗa min yadda ake wannan dahuwar. Shi Kawu yayan Umma ne, a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ya fara aiki yana kula da tukunyar tururi, daga can ya samu shiga matatar har ya yi ritaya, so duk rayuwarsa tsakanin wuta da tururi ya yi ta. Abun da zan rubuta nan rabi daga bakinsa ne rabi kuma abun da na bi na karanta daga baya, dan haka in kun ga lissafi ya yi yawa ku yi haƙuri, ni ma da can ba na son lissafi sai da tallafin mai ya tafi a Mayun 2023 na koyi ƙirga lita dole.

Matatar Kaduna kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, aka buɗe a 1980 tana iya tace ganga 100,000 a rana, a 1986 aka ƙara ta koma 110,000. Ganga ɗaya lita 159 ce, kenan in tana aiki cikakke lita kusan miliyan 17 da rabi ke shiga cikinta kullum. Ɗanyen man ta bututu yake zuwa tun daga Warri, ɗaruruwan kilomita, kuma ko turo shi zuwa nan ɗin ma sai an kunna famfuna a hanya, su ma ci suke. Ɓangare biyu ce, ɗaya na ɗanyen manmu na gida mai sauƙi wanda ke ba da fetur da kananzir da gas (gas ɗin direbobi nake nufi, dizal), ɗayan kuma an yi shi ne dan ɗanyen mai mai kauri da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait da Saudiyya. Da farko abun ya ban dariya, ƙasa mai mai tana sayo ɗanyen mai, amma ashe namu ya cika tsinkewa ne, bai dace da yin man juye da kakin kyandir da kwalta ba, sai mai kauri.

Toh yaya ake tacewa? Ni duk tunanina wani irin rariya ne ko matacin koko, a zuba ta sama a tara ta ƙasa. Kawu ya yi dariya har sai da ya ajiye kofi, ya ce sunan ne kawai matata, amma aikin dahuwa ne. Ana shigar da ɗanyen man cikin wani ƙaton tanderu a dafa shi ya kai digiri 350 zuwa 370, sai a tura shi cikin doguwar hasumiya, abun da ya fi sauƙi ya tashi sama ya zama tururi ya je can ƙololuwa kafin ya huce, gas ɗin girki da abun da za a yi fetur da shi kenan, kananzir ya tsaya a tsakiya, dizal a ƙasa da shi, baƙin mai mai nauyi ya kwanta a gindi. Shi wanda ya kwanta ɗin ma ba a barinsa, a sake dafa shi a wata hasumiyar da aka zuƙe iskar cikinta dan ya tafasa ba tare da ya ƙone ba. Na ce to ita wutar tanderun da me ake hura ta? Ya ce yawwa, yanzu ka zo wurin. Da man ake hura ta. Gas ɗin da ke fita a wurin tacewar da baƙin man, su ake mayarwa a ƙona dan a dafa na baya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Nan na tuna da kakarmu Allah ya jiƙanta, mai ƙuli-ƙuli ce a Tudun Wada, kuma ita ba ta taɓa zubar da ɓawon gyaɗa ba, shi take turawa murhu ta soya gyaɗar da shi, in an tambaye ta riba sai ta ce riba tana wurin itace. Ranar da iska ke kaɗawa ta sa a kare murhun da tsohon kwano saboda wutar na tafiya gefe tana ɗumama tsakar gida maimakon kasko. Wallahi duk abun da injiniyoyi ke kira tattalin makamashi a matata in ka cire manyan kalmomi wannan ne.

Matata ta zamani da ake kula da ita tana cinye wani abu tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ƙarfin ɗanyen man da aka zuba mata, ya danganta da irin man da kuma yawan na'urorinta. Na ɗauki biro na ce bari mu ce 7. A ganga 110,000 kenan kwatankwacin ganga 7,700 ke tafiya a wuta kullum, lita sama da miliyan 1 da dubu 200, in ka zuba a tankoki masu cin lita 33,000 za ka jera guda 37. Kullum fa. Ba fetur ba ne ake ƙonawa kai tsaye, amma ƙarfin ɗaya ne kuma kuɗin ma daga aljihu ɗaya yake fita. In kuma ma'aikata suka iya rage kashi 1 tal, daga 7 ya koma 6, an tsira da abun da ya fi tanka 5 a rana ba tare da an haƙa sabuwar rijiya ko ɗaya ba. Duk abun da aka ƙona ɗin nan kuma ta bututun hayaƙi yake fita a matsayin iskar kabon wadda ake ta magana a kanta kan ɗumamar yanayi. Matatun duniya gaba ɗaya suna fitar da sama da tan biliyan 1 na iskar nan a shekara, tun kafin ko mota ɗaya ta tashi.

Inda Kawu ya fi daɗewa shi ne maganar zafi da ake sake amfani da shi, ka san tsoho in an zo fanninsa. Ya ce dizal da baƙin man da ke fitowa daga hasumiya da zafinsu suke fitowa kamar wuta, kuma dole a huce su kafin a kai tanki, shi kuma ɗanyen man da ke shigowa da sanyinsa yake zuwa dole a ɗumama shi, toh mai hankali sai ya haɗa su hanya, bututu cikin bututu, ba sa gauraya amma mai fita yana ba mai shiga zafinsa, kafin ɗanyen man ya isa tanderu ya riga ya haura digiri 200 a kyauta. Kamar yadda Umma ke jingina butar alwala a gefen murhu da sanyin hunturu. Matsalar ita ce bututan nan suna yin ƙanzo a ciki, datti da kakin mai su manne su yi kauri, zafi ya daina ratsawa sosai, sai man ya isa tanderu bai ɗumamu ba, sai mai kula da wuta ya ƙara wuta. Ba wanda zai ga komai daga waje, mai na fita, tankoki na lodi, amma cin ya ƙaru. Shi ya sa duk bayan 'yan shekaru ake tsayar da matata gaba ɗaya a kwance ta a wanke a canza abun da ya ci, wannan gyaran garambawul ɗin da muke ji a labarai ana ware masa biliyoyi. Ni da a tunanina duk wata hanyar cin kuɗi ce kawai, ashe shi gyaran kansa dole ne, ko ana yinsa ko ba a yi wannan kuma wata maganar ce.

Sai tururi. Ya ba ni labarin masaƙar da ya fara aiki, ba zan kama suna ba, ya ce akwai wani layin bututu da ke tsiyayar tururi ta wani ɗan rami da bai fi kan ashana ba, fiii dare da rana, har ma'aikata suka mayar da wurin inda suke ɗumama abincinsu a kula, an kai takarda ofis ya fi sau nawa ba a gyara ba saboda wai ƙaramin abu ne, shi kuwa da ke gaban tukunya yana ganin yadda baƙin mai ke sauka a tanki. Ya ce tururi kuɗi ne da aka dafa. A matata kuwa bututan tururi kilomita ne a kan kilomita, ko'ina, in rigar da ake naɗe su da ita ta yage ko ruwan sama ya jiƙa ta shikenan kana ɗumama sararin Allah ne da man mutane. Haka iskar da ake ba tanderu, in ta yi kaɗan wuta ta yi baƙin hayaƙi, in ta yi yawa ta kwashe zafin ta fice da shi ta sama, murhun kakarmu dai.

Akwai kuma hayaƙin da ko ka kai waye wurin kula ba ka isa ka hana shi ba. Ita hasumiyar farko fetur ɗin da take bayarwa bai isa ba, kasuwa kuma fetur take nema, sai aka ƙirƙiro wata na'ura da suke kira FCC, akwai ta a nan Kaduna, wadda ke farfasa mai mai nauyi ya koma mai sauƙi. Wani gari ake amfani da shi mai laushi kamar toka, katalis, a haɗa shi da man a zafin da ya kai digiri 500, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya gama aiki amma sai ya fito baƙi ƙirin kunkunniya ta lulluɓe shi, dole a kai shi wani ɗaki a hura masa iska a ƙone kunkunniyar a wajen digiri 700 sannan ya dawo aiki, haka yake ta zagaye ba tsayawa. Wannan ƙonawar kaɗai babban kaso ce a hayaƙin duk matatar da ke da na'urar. Abun da mai dabara zai iya shi ne ya kama zafin da ke fita ya dafa ruwa da shi ya samu tururi ko lantarki, kada ya tafi a banza.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne na farar wuta, salfa. Ɗanyen mai yana ɗauke da ita, in ta biyo dizal aka ƙona a mota ita ke sa hayaƙin nan mai shaƙe maƙogwaro da ke cutar da huhu. A Turai ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, mu kuwa shekara da shekaru ƙa'idarmu ta dizal 3,000 ce, har wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a 2016 kan yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa ƙazamin mai musamman dan Afirka ta Yamma, daga baya a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Toh amma cire farar wutar sai da iskar haidurojin, ita kuma haidurojin in wadda matatar ke samu a cikin aikinta ba ta isa ba daga iskar gas ake yinta, kuma duk kilo 1 da aka yi sai an saki kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon. Ka ga kenan man da ya fi tsafta a hancin ɗan acaɓa a Kasuwar Barci ya fi nauyin hayaƙi a can inda aka dafa shi. Ni dai in aka ban zaɓi huhun mutane zan ɗauka, amma dai a san cewa ba kyauta ba ne. Sa'ar da muka yi ita ce ɗanyen manmu irin su Bonny Light farar wutarsa kaɗan ce tun asali, bai buƙatar wahala sosai, shi ya sa ake rububinsa a waje.

Har wata rigima masana ke yi wai in matata ta saki hayaƙi tan kaza, nawa za a ɗora wa fetur nawa za a ɗora wa dizal tunda tukunya ɗaya suka fito, wasu su raba da nauyi wasu da ƙarfin wuta wasu da farashi, kowa da amsarsa. A lissafin Amurkawa fetur ne ya fi cin wuta wurin tacewa, sai dizal, kananzirin jirgi ya fi kowa sauƙi. Na bar musu wannan, kamar a ce itacen kakarmu nawa ne na mai nawa ne na ƙuli.

Ita kuma wutar saman bututun da muke kallo muna yara, Kawu ya ce ba ado ba ce kuma ba mugunta ba ce, ƙofar tsira ce, in gas ya taru ya yi yawa a wani wuri dole a sake shi ya ƙone a can sama maimakon ya fashe a ƙasa. Amma a matatar da komai ke tafiya daidai 'yar ƙarama ya kamata a gani, akwai ma injinan da ke kamo gas ɗin su mayar da shi tanderu. In ka ga harshen wuta ya yi tsawo kwana da kwanaki toh kuɗi ne ke ci.

Yanzu ga inda nake so 'yan Kaduna mu tsaya. Kullum maganarmu ɗaya ce, a tada Rifainari a tada Rifainari, ni ma ina cikin masu faɗa dan na san gidaje nawa suka ci abinci a wurin nan. A Fabrairun 2023 an sa hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kan gyaran gaggawa na dala miliyan 740 da ɗoriya, har yau da nake rubutun nan dai ban ga tanka ta fito da sabon mai daga can ba. Amma ban taɓa jin wani a majalisar shayi ko a rediyo ya tambaya in ta tashi ganga nawa za ta riƙa ci a cikin ɗari ba. Kuma nan ne maganar take, saboda matatar da ke aiki rabi-rabi, yau a kunna gobe a kashe, ta fi kowace ɓarna, tanderu sai ya yi zafi ko ganga dubu 20 za ka dafa ko dubu 100, kamar ka hura murhun gidan biki dan ka dafa ƙwai biyu. Tsohuwar na'ura ta 1980 in aka tada ta yadda take za ta yi gasa ne da ta Dangote da ke Lekki mai ganga 650,000 a rana, sabuwa fil, da tashar lantarkinta ta kanta, wadda ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Yanzu ba tallafi, NNPC ma ta zama kamfani, wa zai biya kuɗin zafin da ya tsere? Mai sayen lita ne, ko kuma a sake rufewa. Hayaƙin da ya wuce kima da asarar kuɗi da tsadar lita ni a ganina duk rami ɗaya suke fitowa, ko mutum bai damu da alƙawarin da Buhari ya yi a Glasgow a 2021 na cewa Najeriya za ta daidaita iskar kabon da take fitarwa da wadda take kawarwa zuwa 2060 ba, ai ya damu da aljihunsa.

Kuma barinta a kashe ɗin ma ba tsafta ba ce, maganar Kawu kenan ta cikin mota. Man da muke sha yanzu a Legas aka dafa shi ko a ƙetare, sannan tanka ta ɗauko shi ta yi tafiyar fiye da kilomita 700 tana shan dizal, ta koma wayam tana shan wani, duk wanda ke bin hanyar Abuja ya ga yadda suke jeruwa a Tafa. Can kudu kuma inda masu dafa mai a daji suka cike giɓi, su ɗebi ɗan dizal da kananzir su zubar da sauran a ruwa, tun ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal ke tashi da safe su ga baƙar kunkunniya a kan gado da cikin hancin yara.

Ina cikin wannan zuba, na ɗau zafi sosai har ina buga tabarma, sai Kawu ya ce "To malam mai lissafi, janaretonka na shago lita nawa yake sha?" Na ce biyar a rana in 'yan Nepa sun yi halinsu. Ya ce in lissafa. Kowace litar fetur in ta ƙone tana ba da kilo 2.3 na iskar kabon, dizal kusan 2.7, abun mamaki litar fetur ɗin kanta ba ta kai kilo 1 ba, sauran nauyin daga iskar da wuta ta zuƙa ne. Biyar sau 2.3 kilo 11 da rabi kenan kullum daga bayan shagona ni kaɗai. Rabon matata a kan kowace lita bai fi 'yan gram ɗari biyu zuwa huɗu ba, mafi yawan hayaƙin a hannunmu yake tashi. Ya ce kuma ƙaramin janareto irin naka ko kashi 20 na ƙarfin man bai mayarwa lantarki, sauran duk zafi ne da ƙara da kake damun maƙwabta da su. Na ce Kawu ai ba ni na ƙera shi ba. Ya ce yaushe rabonka da wanke filta? Na yi shiru ina juya cokali a kofi.

Ranar Litinin da sassafe sai ga shi a ƙofar shago da 'yar jakar sifanunsa, ko zama bai yi ba ya sa yarona ya jawo janareton waje, ya kwance fulogi ya ɗaga min shi a fuska, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, filtar kuwa da ya buga ta a ƙasa ƙurar da ta tashi sai da mai shayin gefe ya rufe madararsa. Ya aiki yaron ya sayo sabon fulogi da man juye, da kuɗina, kuma ya ce in riƙa rubuta litar da na zuba da awannin da ya yi a bayan littafin bashi, zai dawo ranar Juma'a ya duba.